Wanda Ya Ɗauke Ƙwan Gauraka

Ranar da aka sace ƙwan gauraka ina zaune a ƙofar gida ina shafa wa gwiwata man zafi, sai ga Auta a kan babur. Auta ƙanin matata ne. Shi ya samo mini aiki a tashar binciken tsuntsaye da ke bakin teku, bayan ɓarayin shanu sun daina tafiya a ƙasa sun koma loda dabba a mota. Ni mai bin sawu ne. A da nakan kwana a daji ina bin ɓarawo. Yanzu muzuru da ɓera nake bi a gefen gonakin shinkafa, ina gaya wa masu ilimi wane ne ya cinye ƙwan wane.

"Mijin Yaya, hau. Dakta na nemanka."

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu. Sheƙar gauraka ce aka tarar babu komai a ciki."

"To ai da sauƙi."

Bai yi dariya ba. Auta kuwa ko a gidan makoki sai ya tsokane ni a kan sanƙona. Na hau.

Gauraki biyu kaɗai suka rage masu yin sheƙa a fadamar da ke tsakanin gonaki da teku. Dakta, shugabar tashar, ta yi shekaru tana lura da su. Ta sa musu zobe a ƙafa, ta san halinsu fiye da yadda na san na 'ya'yana. Saboda su hukuma ta taɓa niyyar rufe mashigin ruwan da masunta ke bi su fita teku. Dakta ce ta shiga tsakani, aka yi yarjejeniya: masunta su ci gaba da bi, manoma su bar gefen fadama ba noma, amma duk ranar da hannun mutum ya taɓa sheƙa, za a rufe mashigin.

Muka tarar da rabin gari a tsaye kan gaɓa, Dakta ta tare hanya da sanda don kada a tattake wurin. Idanunta sun faɗa, irin na wanda ya daɗe yana rubuta rahoto babu mai karantawa.

"Malam, ka duba mini," ta ce. "Ka ce mini dabba ce."

Na naɗe wando na shiga. Babu ɓawon ƙwai, babu digon gwaiduwa, babu sawun kare ko na muzuru. Dabba ba ta share wuri idan ta gama ci. Abin da ke akwai sawun mutum ne, ƙafa ba takalmi, kuma laka ta kumbura shi har ba a gane yatsu. Can ƙasa a bakin mashigi ga shatin gindin kwale-kwale da aka ja, da wani siririn layi a tsakiyarsa, irin wanda facin gwangwani ke bari.

Kwale-kwale ɗaya ne a garin mai facin gwangwani a gindi. Ban ma buɗe baki ba wani daga kan gaɓa ya ce, "Na Baƙo ne."

Ya kamata in bi sawun nan daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Gwiwata ta ce mini abin da na gani ya isa, ni kuma da ita ba ma musu yanzu. Na fito.

*

An ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ta kusa shekara ashirin a garin ba ta bushe ba, ya yi aure, ya binne matarsa a nan, yana riƙon jikoki, amma har yau Baƙo ake ce masa.

Kafin azahar Ciyaman na ƙungiyar masunta ya same ni a rumfar saƙar komar kamun kifi.

"Mai Sawu, aikinka ya zo da sauƙi," ya ce. "Ranar Asabar za mu zauna, mu cire shi daga ƙungiya. Dakta ta rubuta wa hukuma cewa mutum ɗaya ne, kuma an hukunta shi. Sai su bar mana mashigi."

"Idan an cire shi, ina zai sauke kifinsa?"

"Teku ai da faɗi."

"Gaɓar fa?"

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ko ka fi so duk gari su kwana da yunwa saboda mutum ɗaya?"

Na ce ban fi so ba. Na roƙe shi ya bar ni in yi tambayoyi, ko don a ce ana biyana albashi a kan wani abu.

*

Na fara da Mai Tarakta, saboda gonarsa ce ke manne da fadamar, kuma babu taron da bai tashi ya zagi gauraka ba. Na same shi a kan tabarma, ƙafarsa ta dama a naɗe da tsumma, ta yi girman tulu.

"Ka zo kama ni ne?" ya ce. "Bismilla. Amma sai dai ka goya ni."

"Me ya same ka?"

"Ƙusa. Tun satin jiya ko masallaci ban taka ba."

"An ce ka yi rantsuwa sai ka ga bayan tsuntsayen nan."

"Na yi, kuma ban janye ba. Suna cin irina, an hana ni nome gefen gonata, an ce za a kawo mini takardar yabo. Ka taɓa ganin an dafa takardar yabo? Amma ni idan zan yi, da tarakta zan je, da rana tsaka, ina ƙaho. Ban yi lalacewar satar ƙwai ba. Wannan aikin masunta ne."

"Su kuma sun ce halin manoma ne."

"Su da ko iri ba su taɓa ajiyewa ba."

Na sa ya kwance tsumman. Na gani, na yi nadamar gani. Mutumin nan bai shiga laka ba.

*

Baƙo yana gyaran koma a bayan ɗakinsa, yana laluben zaren da yatsa. Jikokinsa suna ciki, an hana su fita wasa tun safe.

"Ka je fadama da asuba ranar da aka ɗauke ƙwan?" na ce.

"Ban je ba."

"Kwale-kwalenka ya je. Ko shi kaɗai ya tafi?"

Ya ci gaba da laluben.

"Ɗan'uwa, ni ba ɗan sanda ba ne. Ɗan sanda yana da fansho. Ka gaya mini gaskiya in san inda zan sa ƙafa."

Ya ajiye komar. "Mai Sawu, ka ga turakun da aka kafa a mashigi, masu nuna hanya?"

"Na gani."

"Ni ba na ganinsu. Idan gari bai gama wayewa ba, duk ruwa da laka ɗaya ne a wurina. Na kauce hanya na kafe a gefen fadama, na sauka na tura, na koma. Ko sheƙar na taka, ba zan san na taka ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Dokar ƙungiya ce, wanda idonsa ya tafi ba ya fita shi kaɗai. Wa zai shiga jirgi ɗaya da ni? In na ce na sata, su kore ni. In na ce ban gani ba ne, su zaunar da ni. Ka zaɓa mini."

Ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari ba zan faɗa ba. Na yi. Na fito da shaida ɗaya mai kyau, wadda kuma ba ni da damar amfani da ita. Irin sa'ata ke nan tun ina saurayi.

*

Ranar Juma'a da safe Dakta ta aiko. Auta ya ce kansa na ciwo, don haka tana neman wanda zai raka ta duba sheƙunan tsuntsun nan zakaran ƙeƙuwa a gonakin da aka girbe. Ban taɓa zuwa wannan aikin ba. Ni ba a kirana sai an riga an cinye.

Muna tafe ta ce, "Gobe zan sa hannu a wasiƙar, Malam. Ban yarda shi ne ba, ban kuma yarda ba shi ne ba. Na gaji. Na karanta tsuntsaye ne, ban karanta mutane ba."

Na hango sheƙa ɗaya a ƙasa tsakanin kututtukan shinkafa. Don in nuna mata idona bai mutu ba, na miƙe tsaye zuwa wurin, na leƙa, na ce ƙwai huɗu, na juya zan dawo.

"Tsaya nan," ta ce. "Kada ka dawo ta inda ka bi."

"Akwai maciji ne?"

"Akwai kare, akwai muzuru, akwai dila. Suna bin warin ƙafar mutum. Idan sawunka ya je sheƙa ya tsaya ya dawo, ka share musu hanya har bakin tukunya. Wuce gaba kamar ba ka ga komai ba, ka yi nisa, ka kewaya ka fito ta can."

Na duba can ɗin. Da nisa, kuma duk ƙaya.

"Haka kuke yi kullum?"

"Kowace sheƙa, ko ana ruwa. Shi ne abin da nake fara koya wa ma'aikaci. Auta sai da muka sha faɗa kafin ya zauna masa. Yanzu ko kanti zai shiga, ina jin sai ya kewaya."

Na yi kewayen ina ɗingishi. Mai bin sawu da furfura a gemu, ana koya masa yadda ake taka ƙasa. Ban kai ƙarshen ƙayar ba abin ya faɗo mini, na tsaya cik kamar jakin da ya ga rijiya.

*

Na koma fadamar ni kaɗai kafin ruwa ya hau. A wannan karon ban nemi shawarar gwiwa ba.

Sawun da ke wajen kwale-kwale bai bar gindin jirgin ba. Mutum ne ya sauka, ya tura, ya zame, ya sake turawa, ya hau. Sawun da ya je sheƙa kuwa ba daga ruwa ya fito ba. Daga gaɓar gonaki ya gangaro. A daidai sheƙar ƙafar hagu ta nutse, alamar an sunkuya. Daga nan bai juya ba. Ya wuce gaba, ya shiga cikin ciyawa mai kaifi, ya yi nisa, ya yi kwana mai faɗi, sannan ya hau gaɓa can gabas ya biyo busasshiyar ƙasa.

Na bi ɓarayi iri-iri a rayuwata. Akwai mai tafiya da baya, akwai mai jan reshe, akwai mai ɗaure wa saniya tsumma a kofato. Ban taɓa ganin ɓarawon da ya ɗauki kaya a fili, gari na wayewa, sannan ya ninka wa kansa tafiya cikin laka don kada kare ya gane hanyar sheƙar da ya riga ya kwashe ba. Kansa ya tuna ya cire takalmi. Ƙafarsa ce ta kasa manta darasi.

Mu uku muka san wannan tafiya. Ƙafar Dakta ba ta kai tsawon tafin hannuna ba. Ni kuma da safen nan na koya.

Na zauna a kan gaɓa na daɗe. Gaurakin biyu suna can nesa a gonar Mai Tarakta suna tsinto, ba su damu da ni ba. Na je ɗakin Auta da yamma na tarar da kwaɗo a ƙofa. A gida matata ta tambaye ni ko binciken ya yi nisa, na ce ya zo kusa. Ta zuba mini abinci ba ta ƙara tambaya ba.

*

Aka taru a rumfar masunta ranar Asabar. Ciyaman a kan kujerar roba, Dakta da wasiƙarta a cinya, Mai Tarakta a bayan amalanke aka turo shi don ya ce ba za a yi babu shi ba. Baƙo aka ba shi benci guda shi kaɗai. Auta yana can baya jikin turke, ya sa hannu a aljihu.

"Mai Sawu, ka taƙaita," in ji Ciyaman. "Ruwa na jiranmu."

"Zan taƙaita. Ba Mai Tarakta ba ne, ƙafarsa shaida ce."

"Allah ya saka wa ƙusa," in ji Mai Tarakta.

"Ba Baƙo ba ne kuma."

Rumfar ta ɗauki gunaguni. Ciyaman ya ce, "To me jirginsa ya je yi?"

"Ya kafe, ya tura, ya tafi."

"Shekara nawa yana bin mashigin nan, yau ne zai kafe?"

Na ga Baƙo ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ciyaman, bara wa na taya jan jirgi daga wannan lakar, yana roƙona kada in gaya wa matarsa?"

Aka yi dariya, aka bar zancen.

Sai na faɗi yadda sawun ya tafi, daga inda ya gangaro zuwa inda ya fita. Masunta suna kallona kamar ina karanta musu dokar haraji. Mutum ɗaya ce ta gane. Dakta ta ninke wasiƙar a hankali, ba ta waiwaya baya ba.

"Waye ke tafiya haka?" in ji Ciyaman.

"Wanda aka koya wa," na ce. "Yana nan. Ina so ya faɗa da bakinsa, don ni akwai gidan da zan koma in kwana."

Sannan Auta ya cire hannu daga aljihu.

"Ni ne."

Bai matso gaba ba. Da Dakta ya yi magana, kamar babu kowa a rumfar.

"Ranki ya daɗe, duk shekara a wuri ɗaya suke yin sheƙa. Duk shekara idan wata ya cika ruwa ya hau ya shanye ƙwan, ni kuma in tsaya da madubin hange in rubuta, an yi asara. Na roƙe ki mu ɗauke su, kika ce sai an samu izini. Izinin bai zo ba bara, bai zo ba bana. A je a duba, daren jiya ruwa ya rufe sheƙar."

"Na sani," Dakta ta ce. "Na je da asuba."

"To."

"Ni ma na tsaya na kalla duk shekarun nan, Auta. Amma ba wannan nake tambaya ba. Mutumin can fa?"

Auta ya dubi benci, ya kawar da kai. "Na ɗauka za su ƙyanƙyashe kafin yau. In kawo 'ya'yan a kwando, kowa ya yi murna, a manta da komai."

"In ba su ƙyanƙyashe ba fa?" na ce.

Ya mayar da hannunsa aljihu.

"Ina ƙwan yanzu?" in ji Dakta.

Auta ya dube ni, kuma a karon farko cikin kwanakin nan na ga tsohon halinsa ya leƙo a gefen bakinsa, ya koma. "Suna gidanka, mijin Yaya. Bayan ɗakin girki, ƙarƙashin agwagwar Yaya."

Mai Tarakta ya yi dariya har ya bugi ƙafarsa a jikin amalanke. Ni dai na nemi wuri na zauna. Na zagaye gari, na kwance tsumman ƙafar mutane, na sha ƙaya, ashe kullum da safe ina alwala kusa da kayan sata.

Dakta ta miƙe. Ta ce za ta rubuta wa hukuma cewa hannun da ya taɓa sheƙa na tasharta ne, babu ruwan masunci ko manomi, don haka mashigi yana nan a buɗe. Ta ce Auta ya miƙa makullin babur, sauran maganar kuma ba a hannunta take ba. Ta faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba, ta zauna kamar wadda aka sauke wa kaya aka ɗora mata wasu.

Ciyaman ya gyara hula. "To, alhamdu lillahi. Da ma mu ba mu zargi kowa ba." Aka watse. Babu wanda ya bi ta gaban bencin Baƙo.

*

Ina fita na ji an taɓa hannuna. Baƙo ne, da filafilinsa na tuƙa kwale-kwale a kafaɗa.

"Mai Sawu, ina so in gan su."

Muka tafi gida tare. Matata tana tsakar gida tana wanki, labari ya riga mu isowa. Na ce mata, "Ashe da ke aka yi."

"Baban yara, ka tambayi duk gari. Ni ka tambaye ni?"

"Da na tambaya za ki faɗa?"

"Ƙanina ne," ta ce, ta matse rigar da ke hannunta. Sai ta ga wanda ke bayana. Ta ajiye wankin, ta goge hannu a zane, ta kawo masa ruwa a kofi ta rusuna. "Malam, na ji ana ambaton sunanka na yi shiru. Ka yafe mini."

Ya karɓi ruwan ya sha duka. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce, "Allah ya yafe mu."

Na kai shi bayan ɗakin girki. Agwagwar tana cikin tsohon kwando, ta yi mana huci. Na ɗaga ta da ƙyar tana saran hannuna. Baƙo ya durƙusa, ya kai fuskarsa kusa sosai, har hancinsa ya kusa taɓa ciyawar, ya daɗe yana kallo. Ƙwai uku, fari-fari, da datti a jiki.

"Su ke nan?" ya ce.

"Su ke nan."

"Na ɗauka sun fi haka."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce in mayar da ita kada su huce. Ya leƙa sama ya auna hasken da ya rage, ya ce idan ya yi sauri zai fita ya dawo tun yana ganin turaku. Ya saɓa filafilinsa ya nufi mashigi.